Yadda Kogi Ya Cinye Gonar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Can arewa, inda ko fatake ba sa kaiwa, akwai wani kogi. Daga duwatsu yake fitowa, ya ratsa rairayi yana lanƙwasa, har ya faɗa wani babban tafki. A wata kwanarsa Gizo da Kunkuru suke noma. Gonar Gizo 'yar mitsitsiya ce a cikin kwanar, ta Kunkuru kuwa ƙatuwa ce a ƙetare, bisa doguwar gaɓa.

Kun dai san Gizo da kwaɗayi. Ya je ya marairaice fuska ya ce, "Baba Kunkuru, tausayinka nake ji. Da waɗannan gajerun ƙafafun kake hawa gaɓa kullum? Mu yi musaya."

Kunkuru ya shekara ɗari a bakin kogin nan. Ya ce, "Ka tabbata, Gizo?"

"Na tabbata!"

Aka kira Kada ya shaida, aka yi musaya.

Damina ta farko, kogi ya cika, ya zaftare gefen gonar Gizo. Gizo ya ce, "Ɗan wannan? Ko a jikina."

Ta biyu, ya kwashe rabi har da rumbu. Gizo ya kafa shinge, kogi ya tafi da shingen.

Ta uku, abin da ya rage bai fi wurin shimfiɗa tabarma ba. Gizo ya ɗora hannu a ka yana ihu, "Kai Kogi, me na yi maka?"

Kogi ya ce, "Ba kome. Haka tafiyata take: in na zo kwana, in ci gaɓar waje, in zuba ƙasar a ciki. Kowa a nan ya sani, kai ne ba ka tambaya ba."

Gizo ya hanga ƙetare, sai ga tsohuwar gonarsa ta yi faɗi, albasa ta yi kore shar. Ya garzaya can.

"Baba Kunkuru, a mayar wa kowa da tasa!"

Kunkuru ya ce, "Wace zan karɓa? Wadda na ba ka ai ta riga ka ƙetarowa, a kanta kake tsaye."

Kada ya yi dariya har da hawaye.

Gizo ya koma yana ƙunƙuni. Yana taka ragowar gonar sai ta rufta, da ƙyar ya kama saiwa da zarensa. Shi ya sa har yau kuke ganinsa yana reto a bakin gaɓa.

To, jikokina, kafin kwaɗayi ya kai ku ga abin wani, ku fara tambayar waɗanda suka daɗe a wurin.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta ƙare.