Ƙwallon da Katanga Ya Ɓoye wa Ƙanin Matarsa

Akwai wani ɗan ƙwallon tebur a sansanin da ake horar da gwanaye, kowa Katanga yake ce masa. Shekararsa talatin da biyar, ya girmi duk 'yan wasan wurin. Sunan daga wasansa ya samo shi: duk abin da ka buga masa sai ya dawo maka.

Katanga mai yanka ne. Wanda bai san wasan ba, ga yadda abin yake. Yawancin 'yan wasa kusa da tebur suke tsayawa, su goge ƙwallo ta sama da ƙarfi, ta tafi tana juyi gaba, ta faɗi ta zabura. Su ne masu hari. Mai yanka kuwa baya yake ja, taku huɗu ko biyar, ya jira ƙwallo ta sauko kusa da gwiwarsa, ya yanke ta ta ƙasa. Sai ta koma a hankali tana juyi baya. Ka taɓa ta da sakaci, ta nutse a raga.

Gwanin yanka ƙwallo biyu gare shi. Akwai mai nauyi, wadda ta sha juyi. Akwai fanko, wadda babu juyi a jikinta ko kaɗan. Motsin hannun ɗaya ne, ido ba ya bambancewa da sauri. Ka ɗaga fanko da ƙarfin da ake ɗaga mai nauyi, ta wuce tebur ta yi gaba. Wannan ruɗin shi ne makamin mai yanka.

A sansanin Katanga kaɗai ne mai wannan salo. Ya daɗe da daina fita gasa. Aikinsa ya tsaya wa masu hari su koyi fasa tsaro, kuma da aikin yake riƙe da gidansa.

Babban gwanin sansanin ƙanin matarsa ne, autan gidansu, ɗan shekara ashirin da biyu. Tsawa ake kiransa saboda ƙarar dukansa. Katanga ne ya fara ɗora masa raket, faifan buga ƙwallon, a hannu, tun yana ɗan shekara tara, lokacin da yake neman yayarsa.

Bara aka yi wa Tsawa aiki a kafaɗa. Babu abin da ke cin kafaɗar mai hari kamar ɗaga ƙwallo mai nauyi sau ɗaruruwa a rana. Ranar da zai koma horo, matar Katanga ta tare mijinta a bakin ƙofa, yana ɗaure takalmi.

"Baban yara, yau Auta zai dawo. Don Allah ka bi shi a hankali. Ka san halinsa, ko hannun zai cire ba zai ce ya gaji ba."

"Na ji," in ji Katanga. Shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Ya kuwa ji. Daga ranar ya daina ba Tsawa mai nauyi, ya daina ba shi fanko. Ƙwallo ɗaya yake ba shi, tsaka-tsaki, mai daɗin duka, wuri ɗaya take sauka kullum.

Bayan wata uku likitan 'yan wasa ya ce kafaɗa ta warke. Katanga bai sauya ba. Duk ranar da ya yi niyya, sai ya tuna yaron kwance a asibiti da hannu a rataye, matarsa na zaune gefen gado tana share ido da gefen mayafi. Sai ya ce gobe. Sauran 'yan wasa ma suka samu rabonsu, domin hannu in ya saba da sauƙi ba ya zaɓen wanda zai yi wa. Haka aka kwashe wata goma.

Tsawa bai san komai ba. Shi dai ya ga yana fasa Katanga kullum, sai kansa ya fara girma.

"Mijin Yaya, yau ma tsintar ƙwallo ka zo yi?"

"Ɗaure takalminka, yaro."

"Jama'a, wannan ai ba katanga ba ce yanzu, labule ne. Iska ma tana ɗaga shi."

A yi ta dariya. Wasan miji da ƙanin mata ne, ba a fushi da shi. Katanga ya murmusa ya je ya ɗauko ƙwallo a gindin shinge.

Wata Litinin koci ya tara su. Ya ce za a kawo sabbin 'yan wasa biyu, kuma zauren ya yi kaɗan. Mai yanka shi kaɗai filin tebur biyu yake ci, saboda sai an bar masa sarari a baya. Sai ya juya ga Tsawa.

"Kai ne za ka gamu da mai yanka a gasar neman gurbi wata mai zuwa. Kana bukatar Katanga?"

Tsawa yana jefa ƙwallo sama yana cafewa. "Koci, gaskiya zamanin yanka ya wuce. Yayana ne, ina girmama shi, amma ko ido a rufe zan ɗaga ƙwallonsa."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Koci ya kira Katanga gefe, kusa da injin harba ƙwallo da ke kusurwa. Ya dafa injin.

"Wata nawa ina kallonka. Ƙwallo iri ɗaya kake bayarwa. Wannan ƙarfen ma zai ba da ita, shi kuma ba ya cin fili. Ranar Alhamis za ka kara da Tsawa, wanda ya fara cin zagaye uku shi ya ci wasa. Ka nuna mini abin da inji ba zai iya ba. In babu, ƙarshen wata ka kwashe kayanka."

Da yamma ya tarar da matarsa tana gugar kayan makarantar yara. Ya zauna a hannun kujera ya faɗa mata komai, a gajarce. Ta ajiye dutsen guga a tsaye ta dube shi.

"Tsaya. Kafaɗar ba ta warke ba ne?"

"Ta warke. Wata bakwai ke nan."

"To wa ya ce ka ci gaba da lallaɓa shi?"

"Ke."

"Ni? Baban yara, ka ji tsoron Allah. Cewa na yi ka bi shi a hankali, ban ce ka goya shi ba. Ga shi nan ya hau kanka yana rawa."

Katanga ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ba a taɓa gwada kafaɗar da mai nauyi ta gaske ba. In na sake ta, wani abu ya tsinke fa? Da wane ido zan kalle ki? Da wane ido zan kalli Mama?"

Ta ninke rigar da ta gama gogewa. Ƙaninta ne, ita ta rene shi.

"Wanda zai gamu da shi wata mai zuwa, shi ma mijin yayarsa ne?"

"A'a."

"To gara ya fara jin ta a hannunka. In ka bari ya ci ka, ka rasa aiki, shi kuma ya je can a wanke shi a gaban duniya. Ka yi wasanka. Sauran mu bar wa Allah."

Ranar Alhamis da safe aka ja shinge baya, aka buɗe fili. 'Yan wasa suka bar teburansu suka zauna a benci. Likita ma ya zo ya tsaya da jakarsa.

Zagayen farko Katanga ya sha kashi, sha ɗaya da biyar. Zuciya ta yi niyya, hannu ya ƙi. Wata goma yana koya wa hannun tausayi, yau ya ce ya daina, hannun bai ji ba. Tsawa na duka yana ihu, yana waiwayen benci.

Katanga ya goge fuska da tawul. Ya hango koci yana rubutu a takarda, ko kallon tebur ba ya yi.

A zagaye na biyu, da ƙwallo ta zo, ya ja baya sosai, ya durƙusa, ya bar ta ta sauko har ƙasan gwiwa, ya sare ta da duk ƙarfin wuyan hannunsa. Ta tafi a hankali kamar ba ta ɗauke da komai. Tsawa ya goge ta yadda ya saba. Ko tsakiyar raga ba ta kai ba.

Tsawa ya duba raket ɗinsa, ya hura masa iska, ya goge a wando.

Ta biyu ma raga. A ta uku ya gane nauyi ne, ya buɗe raket ya ɗaga da ƙarfi. Ita kuwa fanko ce. Ta tashi ta wuce kan Katanga ta bugi bango.

Wani daga benci ya ce, "Kai!"

Koci ya ajiye biro.

Katanga ya ci zagaye na biyu, ya ci na uku. Tsawa ya jiƙe sharkaf. Ihu ya ƙare. Da zai yi haƙuri ya tura ƙwallo ɗaya a hankali, ya jira wadda ta dace, da ya samu sauƙi. Amma shi bai saba jira ba, kowace ta zo sai ya kai mata duka.

A zagaye na huɗu suna bakwai da shida, aka yi doguwar musaya. Tsawa ya ɗaga, Katanga ya yanka, ya ɗaga, ya yanka, har sau goma sha huɗu. A ta ƙarshe Tsawa ya saki raket, ya dafe kafaɗa, ya durƙusa.

Katanga bai san lokacin da ya zagaya tebur ba. Abin da ya yi wata goma yana gudu, ga shi nan a gabansa.

"Auta! Auta, ina ne? Nuna mini."

Likita ya ture shi gefe. Ya ɗaga hannun sama, ya juya shi gaba, ya juya baya, ya danna wurin ɗinki da yatsa. Zauren tsit.

"Nan da zafi?"

"A'a."

"Nan fa?"

"A'a. Nama ne ya ɗaure."

Likita ya murza wurin, ya miƙe. "Gajiya ce kawai. Kafaɗar nan ta fi tawa lafiya. Aiki ne ba ta saba ba."

Katanga ya sauke wani dogon numfashi, ya dafa tebur da hannu biyu. Sai ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya yi sauri ya kai tawul.

Tsawa ya ɗauki raket ya miƙe. Fuskar nan babu wasa.

"Koma wurinka, Yaya. Kuma wallahi in ka ba ni ƙwallon tausayi ko ɗaya, ba zan ƙara taka gidanka ba."

Bai ba shi ba. Aka tashi sha ɗaya da takwas, Katanga ya ci wasa.

Koci ya zo wucewa ta gabansa, bai tsaya ba. "Shingen nan a bar shi inda yake. Sababbin 'yan wasan su yi horo da rana. Kai kuma, in na ƙara ganin ƙwallon inji a hannunka, ba sai an jira Alhamis ba."

A ɗakin sauya kaya suka rage su biyu. Tsawa na zaune da ƙanƙara a kafaɗa, yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo."

"Wata goma kana kallona ina cika baki, ka yi shiru? Da na tafi gasar nan haka fa?"

"Laifina ne. Tsoro na ji, na ce tausayi ne."

Tsawa ya gyara riƙon kafaɗarsa. Ƙanƙara na narkewa tana ɗiga a benci.

"Ni ma na kusa raba ka da aikinka da bakina. A gaban mutane. Ka yafe mini, Yaya."

"Ya wuce. Gobe ƙarfe bakwai. Za ka koyi kallon tambarin da ke jikin ƙwallo. In kana iya ganinsa tana tahowa, fanko ce. Kuma za ka koyi jira."

"Jiran ne zai kashe ni."

"Ba ya kisa. Ga ni nan."

Wayar Katanga ta yi ƙara a cikin jaka. Matarsa ce. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Kafaɗar fa?"

"Lafiya lau. Likita ya duba."

"Aikin fa?"

"Yana nan."

Ya ji ta ce alhamdulillahi sau uku. Tsawa ya miƙo hannu ya karɓe wayar.

"Yaya, ashe mugu kika aura, shekara da shekaru ba ki faɗa mana ba?"

"Kai dai ka zo ka ci abinci," in ji ta. "Ka taho da bakin naka, in ya ragu."

Darasi: Tausayin da ke ɓoye wa mutum gaskiya cuta ce, ga wanda aka yi wa da wanda ya yi. In kana ƙaunar ɗan'uwanka, nuna masa rauninsa a gida tun kafin bare ya nuna masa a waje. Kai kuma da kake ganin kana cin nasara kullum, rage baki, wataƙila wani ne yake raga maka. Wanda ya karanta ya tura wa 'yan'uwa da abokai, akwai mai bukatar jin wannan.