Garwashi a Cikin Toka

Akwai wani manomi a wani ƙauye, ana ce da shi Jatau. Ba malalaci ba ne, gidansa kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, wato maƙwabcinsa Istifanus. Gonakinsu iyaka ɗaya, ruwan da ya sauka wa wannan shi ke sauka wa wancan, amma in kaka ta yi, Jatau ya cika rumbu ɗaya, Istifanus ya cika biyu. Jatau ya fi sanin yawan damman maƙwabcinsa a kan nasa, gama yakan tsaya a jikin danga yana kallo sa'ad da ake shiga da su. Ranar da duk aka yabi Istifanus a gabansa, tuwo ba ya yi masa daɗi.

A shekarar da Istifanus ya gina rumbu na uku, sai abin ya fi ƙarfin cikin Jatau. Ana zaune a gindin tsamiya ana yabon ginin, ya ce, "Rumbu dai ai ciyawa ce a kansa. Ashana ɗaya ta ishe shi." Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ajiye maganar. Baki dai shi ke yanka wuya.

Wata ranar kasuwa, mutane sun watse, Jatau yana gida. Da rana ta take, ya hangi siririn hayaƙi yana fitowa daga sabon rumbun. Ya matsa kusa ya duba. Ga randa cike da ruwa a tsakar gidan Istifanus, ga mata can a rijiya, ihu ɗaya zai kawo su. Amma wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya ce a ransa, "Ba ni na kunna ba." Ya tsaya ya ƙare kallo, ya koma ɗaki ya kwanta. Bai san wata tsohuwa mai dawowa daga rijiya ta gan shi ba.

Kafin la'asar rumbu biyu sun zama gawayi. Washegari 'yan sanda suka tafi da Jatau, aka tuhume shi da ƙone dukiyar mutum da gangan, laifin da ke kai mutum kurkuku shekaru. Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama damina tana tafe, in aka ɗaure shi ba mai noma wa iyalinsa.

A kotu ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna bai taɓa ashana ba."

Alƙali ya ce, "Ka yi maganar ashana a gindin tsamiya?"

"Na yi, amma wasa ne."

"Tsohuwar nan ta gan ka tsaye a gaban rumbun, hayaƙi na tashi. Me kake yi a wurin?"

Jatau ya yi shiru. In ya ce ba ya wurin, ya yi ƙarya. In ya faɗi gaskiya, sai ya ce jin daɗi ya tsayar da shi, wa kuwa zai gaskata cewa mai irin wannan zuciya bai kunna wuta ba?

Sai Istifanus ya miƙe. Jatau ya ce a ransa, to, ga shi zai ƙarasa ni. Ko a wannan hali sai da ya lura rigar maƙwabcin ta fi tasa kyau.

Istifanus ya ce, "Ranka ya daɗe, mu a wajenmu mukan barbaɗa toka a tsakanin damma saboda ƙwari, amma sai wadda ta kwana ta huce. Ran nan ina saurin kasuwa, na kwaso ta kai tsaye daga murhu, ban ko sa hannu na ji ba. Jiya na tone kangon rumbun, na ga daga ciki wutar ta ci. Mai ƙone rumbu jinka yake kunna wa. Ni na ƙone abina."

Aka tambayi tsohuwar, ta ce lalle jinkar lafiya take sa'ad da ta ga hayaƙin. Alƙali ya sallami Jatau.

A hanyar gida Jatau ya bi bayan maƙwabcinsa, kunya ta hana shi jerawa da shi. Can ya ce, "Ɗan'uwana, na ga hayaƙin tun yana ƙarami. Tulu ɗaya ya isa ya kashe ta. Na tsaya ina kallo, na kuwa ji daɗi."

Istifanus ya ce, "Na sani, tun da na ji ka yi shiru a gaban alƙali. Gobe da safe ka zo da fartanya, za mu kwaɓa ƙasar sabon rumbu."

Jatau ya zauna a bakin hanya ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: rumbu zuciyar mutum ce, garwashin kuwa hassada. Daga sama toka ce mai sanyi. Mai ita yana gaisuwa, yana zuwa sujada, yana raira waƙa tare da kowa, alhali tana cin sa daga ciki. Da yawa a cikinmu mukan kāre kanmu da kalmar Jatau, mu ce ba mu muka kunna ba. Ba mu ɓata sunan wance ba, mun dai yi shiru ana ɓatawa. Ba mu kā da wane ba, mun dai ji sanyi da ya faɗi. Alƙalin duniya hannu yake bincike, zai iya sallamarka. Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa, a gabansa ba mu da amsa.

Amma ku lura da wanda ya tsaya wa Jatau: shi ne wanda aka yi wa laifin. Haka Mai Cetonmu yake, ya san abin da muka tsaya muna kallo, duk da haka ya miƙe dominmu, ya kuma kira mu aiki tare da shi. Saboda haka, kafin ka kwanta yau, sa hannu cikin tokarka ka ji. In akwai sunan da ba ka son a yaba a gabanka, to, ba ta huce ba.