Yadda Kurege Ya Raba Gardamar Injinan Gidan Zaki

Ga ta nan ta taso, mai kunne ya matso kusa.

A farkon wata damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, yunwa ta kama wani Kurege mai suna Tunau har haƙarƙarinsa suka fito. Da can irin gyaɗar da manoma suka shuka yake tonewa ya ci, to bana sun gane shi, kowace kunya da tarkonta. Ramin Tunau kuwa yana gindin katangar gidan Zaki, saboda haka duk abin da aka faɗa a gidan nan a kunnensa yake sauka.

Wata rana Raƙumi falke ya dawo daga birni da injinan buga takarda guda biyu, ya sauke su a falon Zaki. Ɗaya mai tankin tawada ne, ana ɗura masa tawada daga kwalba, yana fitar da launi kala-kala. Ɗayan na leza ne, shi garin tawada yake aiki da shi, baƙi kawai yake bugawa, amma da sauri kamar walƙiya. Raƙumi ya ce, “Ranka ya daɗe, duka biyun a cike suke. Ku gwada su har ranar kasuwa, in na dawo ku ɗauki ɗaya in tafi da ɗaya.”

Raƙumi bai kai ƙofar gari ba gardama ta tashi. Zaki shi ne mai rubuta sanarwa ga namun daji, ya gaji da rubutun hannu, shi mai gari yake so. Uwargidansa Zakanya kilishi take yi na sayarwa, tana son takarda mai hoton jan nama da koren barkono ta riƙa mannawa a ƙunshinta, ita mai tanki take so.

“Maigida, wa zai sayi kilishin da hotonsa ya fito baƙi kamar gawayi?”

“Ni kuma sanarwata ba ado take nema ba. A karanta a ji tsoro, shi ke nan.”

Tunau yana rami yana lashe baki. Ya ce wa kansa, “Inda manya biyu suke jan igiya, ƙaramin da ya tsaya a tsakiya shi ke shan romo.”

Da gari ya waye, ya yanki takardar buhun siminti ya ɗinka kwat, ya lanƙwasa waya ya yi tabarau, ya cusa jelarsa cikin wando don kada a gane shi, ya rataya tsohuwar jaka babu komai a ciki sai cokali. A ƙofar gida ya tarar da Kura mai gadi tana hamma.

Ta ce, “Kai kuma daga ina? Kana warin rami.”

Ya ce, “Warin birni ne, ba ki saba da shi ba. Ki shiga ki ce Injiniya Tunau ya iso, wanda injin da ya gan shi yake gyara kansa don kunya.”

Aka shigar da shi. Ya zagaya injinan sau uku, ya ƙwanƙwasa wannan, ya kara kunne a wancan, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga ciwo mai wuya. Sannan ya ce ba ya ba da shawara a gaban mutum biyu, sai ɗaya-ɗaya.

Ya ja Zaki gefe ya rage murya. “Manyan dawa, kai ne da gaskiya. Mai garin nan shi ne injin sarauta. Sai dai falken bai gaya maka ba, garin da ke cikinsa na tafiya ne kawai. In ana so ya daɗe, kullum sai an ba shi kwano guda na garin ƙuli-ƙuli, mai ɗan yaji. Kada uwargida ta ji, za ta ce naka ya cika ci.”

Ya ja Zakanya gefe ya ƙara rage murya. “Ranki ya daɗe, ke ce da gaskiya. Mai tankin nan shi ne injin masu sana’a. Aibinsa ɗaya, maƙogwaronsa yana bushewa. Kullum sai an ba shi ludayi uku na zuma. Kada maigida ya ji, zai ce naki ya cika tsada.”

Ya kuma gaya wa kowannensu cewa inji ba ya cin abinci ana kallonsa, sai an rufe ƙofa an bar shi da injiniya. Ranar nan Zaki ya lallaɓa ɗakin ajiyar matarsa ya ɗebo garin ƙulin da take yin kilishi da shi, Zakanya ta zuba zuma a kofi ta rufe da gyale. Tunau ya kulle falo, ya fito da cokalinsa, ya dama gari da zuma, ya ci har cibiyarsa ta fito. Yana ci yana yi wa kansa kirari a hankali: “Ni ne Tunau na gindin katanga, tsakuwa cikin tuwon manya. Ba a gayyace ni ba, amma da ni ake tashi.”

Da gari ya waye aka fara gwaji. Mai tanki ya buga hoton kilishi ja wur, har Kura ta leƙo ta taga tana zubar da miyau. Zakanya ta dubi mijinta ta yi murmushi. Tunau ya ga gardama za ta mutu da wuri, abincinsa ya mutu tare da ita. Ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu a gabas, sai ya ce, “Takarda ba a ɗaki ake sanin halinta ba. A buga sanarwa da kowanne, a manna a jikin kuka.” Aka manna. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, ta mai gari tana nan daram, ta mai tanki kuwa rubutun ya zube kamar kwallin mai kuka. Zaki ya shafa gemu ya yi gyaran murya.

Kashegari Tunau ya juya. Ya sa aka kunna mai gari da hantsi kafin rana ta cika batirin gidan. Injin ya ja wuta, fanka ta tsaya, firjin naman Zakanya ya yi shiru. Ta ce, “To, ga injin sarauta ya cinye wutar talakawa.” Haka Tunau ya yi ta yi, yau ya ɗaga wannan, gobe ya kayar da shi, kwanon gari da kofin zuma kuwa ba sa fashi. Kwat ɗin siminti ta fara matse shi a hammata.

Rana ta huɗu Zakanya ta shiga ɗakin ajiya ta ga buhun garin ƙulinta ya yi rabi. Ta fito tana huci, ta ce akwai ɓarawo a gidan, kuma sai ta gano shi kafin la’asar. Zaki ya kama duban rufin ɗaki. Tunau ya ga asirinsa na shirin tonuwa. Ya zari kwalbar jar tawada ya sa a jaka, ya fita wajen Kura.

Ya ce, “Baiwar Allah, kwana huɗu ina ganin ki a rana, ko ƙashi ba a jefa miki. Ga jinin rago na birni, wanda ake sa wa a kwalba. Sha maza kafin a gani.”

Kura ba ta tsaya shinshinawa ba, ta kafa kai ta shanye. Ta yamutsa fuska ta ce, “Ragunan birnin nan me suke ci ne?”

Tunau ya koma ciki ya ce shi bai san komai ba, amma dai an rasa jar tawada, kuma kyau a duba bakin kowa. Aka kira Kura, ga baki ja har haɓa. Zakanya ta ce wadda ta saci tawada ita ta saci gari. Kura ta buɗe baki za ta yi bayani, Zaki ya yi sauri ya kai mata mari, domin ya fi kowa sanin inda garin ya tafi. Kura ta koma bakin ƙofa da kumburarren kunci, ta riƙa bin kwat ɗin siminti da ido.

Ranar nan Tunau ya ninka cin da ya saba, don murna.

Da gari ya waye, ranar kasuwa ke nan, ƙoshi ya danne Tunau a rami, rana ta take bai farka ba. Zakanya ta jira, ta jira. Ta tuna yau Raƙumi zai dawo, ba ta son injinta ya ji kunya da busasshen maƙogwaro. Ta ce ai ba da zuma ba wani karatu ba ne. Ta faki idon mijinta ta buɗe tankin, ta tuttula zuma a kowane gurbi, ta ƙara ludayi biyu don alheri. Ta danna. Injin ya yi gurnani, ya ja takarda rabi ya tsaya, ƙudaje suka fara taruwa.

Tana tsaye a kansa sai ga Zaki ya shigo da sanɗa, da kwanon garin ƙuli a bayansa. Suka dubi juna. Ita ta dubi kwanon, shi ya dubi kofin. Ana cikin haka Raƙumi ya yi sallama ya zuro dogon wuyansa ta taga.

Ya daɗe yana kallon zumar da ke ɗiga daga injin. Ya ce, “Ranku ya daɗe, wa ya ce ku shayar da shi?”

Suka ce a tare, “Injiniya.”

Raƙumi ya ce, “Ni ban aiko kowa ba. Wannan tawada kawai yake sha, bushewar da ake faɗa kuwa in an bar shi ya yi makonni ba a buga komai ba ne. Wancan garinsa daga kamfani yake zuwa a rufe, yana iya shekara a ajiye bai lalace ba. Da kun tambaye ni, magana biyu ce: me kuka fi bugawa, kuma sau nawa? Mai buga launi kullum ya ɗauki tanki, mai buga rubutu jefi-jefi ya ɗauki gari. Yanzu dai wanda aka ba zuma ya zama naku, ni ba zan koma birni da ƙudaje ba.”

Zakanya ta juya ga mijinta a hankali. “Maigida, garin ƙulin nan na hannunka, daga wane buhu?”

Kafin Zaki ya sami amsa, sai ga murya daga soro, ana waƙa. Tunau ne ya farka ya taho, yana kaɗa jaka: “Ga mai ciyar da ƙarfe, ga wanda zakoki ke yi wa girki.” Kura ta gaishe shi da ladabi, har da rusunawa, ta buɗe masa ƙofar falo. Yana shiga ta mayar ta rufe, ta jingina bayanta da ita.

Tunau ya ga Raƙumi, ya ga kwano, ya ga kofi. Ya gyara tabarau ya ce, “Madalla, kun fara ba tare da ni ba. To, wannan zumar ta ƙudan kuka ce, ai na ce ta ƙudan tsamiya.”

Zakanya ta kai masa cafka. Ya zille, kwat ta yage a hannunta, wando ya zame, jela ta fito fili. Kura ta ce, “Na faɗa, warin rami ne.” Tunau ya yi taga, Raƙumi ya toshe da kai. Ya yi ƙofa, ga Kura da jan baki. Ya duba ya ga aljihun takardu na injin leza a buɗe, ya faɗa ciki ya lafe a kan fararen takardu, ya ja ya rufe.

Zaki ya taka a hankali ya tsaya gaban injin, ya ce, “Falke, ka ce wannan yana da sauri ko?”

“Ƙwarai, ranka ya daɗe.”

Zaki ya sa farce ya danna. Injin ya ɗauki zafi, ya ja takarda, ya ja jelar Tunau tare da ita. Aka ji ƙara, aka ji ƙaurin gashi. Sai ga Kurege ya fito ta sama a shimfiɗe kamar kilishi, yana hayaƙi, an buga masa SANARWA GA DUKKAN NAMUN DAJI tun daga wuya har gindin jela, baƙi ƙirin, babu harafin da ya goge. Kura ta samu ta kai masa duka ɗaya da ya jefa shi tsakar gida, Zakanya ta bi shi da ludayi. Ya bi ta magudanar ruwa, ya fita da rabin jela.

Bai tsaya ba sai kan wani suri can nesa, inda ya tabbata ba mai iya kamo shi. Ya zauna a gefe guda, don ɗaya gefen ba ya zaunuwa, ya lashe sauran zumar da ke gashin bakinsa, ya ɗaga murya.

“Manyan dawa, kwana biyar kuna gardama, yau na raba muku. Ga shi kowa ya sami nasa. In na uwargida ya ƙi tashi, a gwada masa man shanu, amma a kira ni in ba shi da hannuna.”

Zaki ya yi ruri har ganye ya zubo. Tunau ya gangara bayan suri yana ɗingishi, yana tambayar duk wanda ya gamu da shi ko gaskiya ne an ce Giwa na neman wanda ya iya gyaran firji.

Ƙurunƙus, kan Kurege mai rabin jela.