Kurege da Tsohuwar Jif a Gaban Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Kurege ne dai ya gaji wata tsohuwar mota wajen kakansa, jif ce irin ta shiga daji. Ana ce mata Ta-fi-jaki. Fentinta ya koɗe, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma injinta lafiya lau. Dutse ta hau, laka ta keta. Abu biyu ne kawai babu: birki da ham.

Shekarar nan namun daji suka yi gyaɗa mai yawa, ana neman wanda zai kai ta kasuwa a hayin kogi. Ladan dako kuwa, kowane buhu a ɗebar wa direba mudu. Kurege ya ji haka, yawu ya tsinke masa.

To, Zaki ya kafa doka: kowace mota, kafin ta ɗauki kayan jama'a, sai Hawainiya ta duba lafiyarta ta buga mata tambari a gilashi. In babu tambari, Raƙumi za a ba dakon.

Kurege ya ce, "Ko ana ha-maza ha-mata, sai motar nan ta hau hanya!"

Ya tuƙa Ta-fi-jaki zuwa gindin ƙiryar da Hawainiya take aiki. Da ya zo tsayawa, sai da ya dafa ƙiryar da goshin mota, gwaram!

Hawainiya ta sauko a hankali, ido ɗaya a kan mota, ɗaya a kan direba. Ta ce, "Haka kake tsayawa kullum?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, gaisuwa ce motar take yi wa bishiya."

Ta ce, "Danna ham."

Ya danna. Shiru.

Ya ce, "Tana da kunya ne, ba ta magana gaban manya."

Ta ce, "Koma ka gyaro."

Kurege ya je garejin Biri bakanike. Biri ya leƙa ƙasan mota ya ce, "Aiki mai sauƙi. Birki da ham, buhun gyaɗa."

Kurege ya dafe ƙirji. "Buhu sukutum? Ashe gara a cire mini haƙori!"

Ya fita yana cewa, "Ko ana ha-maza ha-mata, sai motar nan ta hau hanya!"

Sai ya wuce wajen Agwagwa. Ya ce, "Gwaggo, muryarki ta fi ƙarfin tafki. Ki ɓuya ƙarƙashin kujerata, in na taka jelarki ki yi kuka. Ƙwaryar gyaɗa taki ce."

Ya wuce wajen Kunkuru. Ya ce, "Baba, bayanka ya fi dutse. In ɗaura maka igiya ka maƙale kusa da taya, in na saki igiyar ka faɗa gabanta ka tare. Ƙwaryar gyaɗa taka ce."

Suka yarda. Kurege ya cika ƙore biyu da gyaɗar gidansa, ya rufe da faifai, ya ajiye a bayan mota suna gani.

A hanya ƙamshi ya dame shi. Ya ce, "Bari in ɗanɗana ta Gwaggo, kada a ba ta mai tsutsa." Ya miƙa hannu. Ya ce, "Bari in ɗanɗana ta Baba, kada a ce na yi son kai." Ya miƙa hannu. Ɗanɗana nan, ɗanɗana can, kafin su kai ƙirya, ƙore sun koma ɓawo zalla.

Hawainiya ta ce, "Danna ham."

Ya taka jela. "Kwaaak!"

Ta ce, "Ham ɗin nan mura yake yi?"

Ya ce, "Na zamani ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Ja, ka taka birki."

Ya ja motar, ya saki igiya. Kunkuru ya faɗa gaban taya, ƙiii! Mota ta tsaya cak.

Kurege ya janye igiya a ɓoye, Kunkuru ya koma maƙalewarsa, sannan ya fara goge gilashi don tambari. Hawainiya ta ce, "Da saura. A fili kowa gwani ne. Mu je gangaren kogi, ni da kai."

Ta hau ta zauna. Suka nufi gangare. Mota ta yi tsalle a kan wani rami, fayafayan suka tashi, ɓawo ya watse ko'ina. Wani ya faɗo wa Agwagwa a baki, wani ya sauka kan hancin Kunkuru.

Ta-fi-jaki ta kama gangare, gudu na ƙaruwa. Can ƙasa kuwa, ga Giwa a tsakiyar hanya ta juya baya tana shan ruwa.

Hawainiya ta ce, "Ham!"

Kurege ya taka jela. Daga ƙarƙashin kujera aka ce, "Ina gyaɗata?"

Hawainiya ta ce, "Birki!"

Kurege ya saki igiya. Kunkuru ya ƙanƙame ƙarfe, ya leƙo ya ce, "Birki ya tafi hutu. Ina gyaɗata?"

"Baba, mu tsaya tukuna mu yi magana!"

"Mu yi magana tukuna mu tsaya."

Hawainiya ta koma kore, ta koma ja, ta koma rawaya, har wani launi da ba a taɓa ganin ta da shi ba. Idanunta suka haɗu wuri ɗaya a kan Giwa.

Kurege ya cije haƙora, ya riƙe sitiyari. Ya saita tsakanin ƙafafun Giwa, ya sunkuyar da kai. Fuuu! Mota ta bi ta ƙarƙashin cikinta, ta faɗa kogi, ta keta ruwa, ta hau gangaren hayi, ta hau, ta hau, har ƙarfinta ya ƙare ta lafe cikin yashi.

Giwa ta waiwayo ta ce, "Wane ne ya sosa mini ciki? Allah ya yi masa albarka."

Hawainiya ta daɗe kafin ta dawo launinta. Ta ɗaga kujera, ga Agwagwa. Ta leƙa taya, ga Kunkuru. Ta ce, "Kurege, yau Zaki zai yi kalaci da kai."

Kurege ya zube ƙasa. "Ranki ya daɗe, doka cewa ta yi mota ta zama da ham da birki. Ta ce lalle sai na ƙarfe? Ga ham mai rai, ga birki mai hankali. Inji kuwa, kin ga aikinsa da idanunki, duka biyun."

Hawainiya ta juya ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ta ce, "Gaskiyarka. Motar ba ta da laifi. Zan buga tambari. Amma birki ba ya aiki sai da mai, ham ba ya aiki sai da wuta. Duk tafiya, kafin ka tayar da mota, su biyun nan su ci su ƙoshi daga ladanka, a gabana."

Ta buga tambari, tim.

Aka fara dako. Kowace safiya Kurege na tsaye, Agwagwa na zuba gyaɗa a ciki kamar rijiya. Kunkuru kuwa a hankali yake ci, amma ba ya tashi. In Kurege ya ce, "Baba, rana tana yi," sai ya ce, "Birki bai cika ba." Ana gama kwasar gyaɗar daji, Kurege ya duba rumbunsa, abin da ya rage buhu ɗaya ne tak.

Ya saɓa shi a kafaɗa, yana hawaye, ya kai wa Biri. Ya ce, "Sa mini na ƙarfe, wanda ba shi da baki."

Tun daga ranar tsoron gangare bai bar shi ba. Shi ya sa in kun ga kurege yana gudu a daji, sai ya tsaya cak, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya duba hagu ya duba dama. Birkinsa yake gwadawa.

Ƙurunƙus kan tsohuwar taya. Wanda zai cuci birkinsa, ya bari sai an sauka gangare.