Wakilin Jar Ƙasa da Shimfiɗar Wuta

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can ƙuryar kudancin duniya inda teku ya kewaye ƙasa ta kowace fuska, an yi wata babbar daula mai suna Zarandiya, wadda biranenta suka jeru a bakin ruwa, tsakiyarta kuwa jar ƙasa ce fetal mai faɗin tafiyar wata uku, inda tumaki suka fi mutane yawa, dabbobin dawa kuma suke goyon 'ya'yansu cikin aljihun cikinsu. Sarkinta, Hazimu ɗan Marwanu, adali ne, amma bisa al'adar ƙasar ba ya zartar da hukunci sai abin da majalisar wakilai ɗari da hamsin ta amince da shi. Damuwar da ta ramar da shi kuwa ita ce Kogin Wurinja, wanda ke shayar da jar ƙasa, ya shekara bakwai yana janyewa, majalisa kuma ta ƙi cewa uffan a kansa.

Wakilan nan sun kasu gida biyu, suna zaune bisa korayen kujeru suna fuskantar juna, da wata doguwar shimfiɗa a tsakaninsu. Jagoran gidan da ya fi rinjaye shi ne Waziri Ƙamruzu, matsafi mai murmushi da sanyin murya, wanda ya ɗaure harsunan mabiyansa, har ya zama duk wanda ya zauna a bayansa, idan ya buɗe baki, maganar Waziri ce ke fitowa. Ya kuma tsafe shimfiɗar, ta yadda duk wanda ya taka ta da nufin barin gidansa, wuta za ta tashi ta cinye masa ƙafafu.

Cikin mabiyan nan akwai Ukasha ɗan Labbo, wakilin jar ƙasa. Da askin ulun tumaki ya soma neman abinci, daga nan ya koma haƙar rijiya, har makiyaya suka naɗa shi mai raba musu ranakun shayarwa, kuma saboda bai taɓa fifita garken dangi a kan na baƙo ba suka zaɓe shi ya je babban birni ya yi magana da bakinsu. Ra'ayinsa sananne ne tun yana bakin rijiya: kogi ba na mutanen birni ba ne su kaɗai, kuma mutanen farko, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar, su ya kamata a fara tambaya kafin a taɓa shi. Amma sau nawa ya miƙe a majalisa da wannan magana cike da ƙirjinsa, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Abin da Waziri ya faɗa shi ne daidai." Ya zauna gumi na keto masa. Ya kasa cin abinci a zaune, ya kasa tsayawa wuri ɗaya, kullum yana kai da kawo a farfajiyar majalisa, wasiƙun makiyaya masu labarin mushen tumaki cike da hannunsa.

Wata safiya Sarki ya hango shi daga bene, ya sa aka kira shi. Ya ce, "Ya kai wakilin jar ƙasa, na ga kowa a majalisata ya yi ƙiba ya natsu, ban da kai. Me ke korar ka haka?"

Ukasha ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mutanena sun aiko ni da saƙo, shekara bakwai ke nan ban isar ba. Ina neman izini in je mafarin kogi in gani da idona."

Sarki ya ba shi izini. Kwana arba'in ya yi yana bin busasshen kwarin kogi, raƙuminsa na taka ƙasusuwan kifi, har ya isa ƙasar mutanen farko. Can ya sadu da Gimbiya Yindara, 'yar shugabansu, mace mai dogon wuya da kaifin ido, wadda ta san kowane marmaro na ƙasar da sunansa. Ta dube shi ta ce, "Wakilai da yawa sun zo nan sun yi alkawari, ba wanda ya dawo. Zan kai ka mafarin ruwan, amma don kogin, ba don na yarda da kai ba."

Suka hau duwatsu kwana tara. A wata rana da hantsi suka iske aljani Zalzamu kwance a mashigar kogi, tsawonsa ya kai zangon tafiya, bayansa ya yi gansakuka, ya tare ruwan da jikinsa yana karkata shi zuwa gonakin audugar Waziri. Ukasha ya zare takobi. Aljanin ya yi nishi har duwatsu suka girgiza, ya ce, "Mayar da ƙarfenka, ɗan Adam. Ni ma bawa ne kamarka. Tsafin da ya ɗaure harshenka shi ya ɗaure ni a nan, kuma kullinsa na cikin shimfiɗar majalisarku. Ranar da ɗaya daga cikin mabiyan Ƙamruzu ya tsallake ta da ƙafarsa, ranar zan tashi. Sai dai wutar ta gaske ce, kuma ba na ce zai fita da rai ba."

Ukasha bai yarda ya huta ko yini ɗaya ba, ya juya zuwa babban birni. Yindara ta ga yana ɗaura sirdi, sai ta hau nata raƙumin ta bi shi.

Ranar da majalisa ta zauna don mallaka wa Waziri kogin har abada, Ukasha ya miƙe ya tuɓe takalmansa. Waziri ya ce cikin taushi, "Ɗan Labbo, ni na ɗauko ka daga bakin rijiya na zaunar da kai cikin manya. Koma kujerarka." Ukasha bai amsa ba, don ya san abin da bakinsa zai faɗa. Ya ɗora ƙafa. Wuta ta tashi shuɗiya har gwiwarsa, warin ƙonewar nama ya cika zauren, abokan zamansa na shekaru suna yi masa ihun maci amana. Faɗin shimfiɗar taku bakwai ne. A na biyar ya faɗi, ya ƙarasa sauran da rarrafe. Da tafin hannunsa ya taɓa dandamalin wancan gefe, shimfiɗar ta tsage biyu, ya ɗaga kai ya ce da muryarsa ta ainihi, wadda ta dishe don rashin amfani, "Ban yarda ba. Mutanena suna mutuwa da ƙishirwa."

Harsuna suka kwance a lokaci guda. Wakilai sittin suka miƙe suna kuka suna tsallakowa, Waziri kuwa dogarai suka fita da shi, aka kore shi zuwa wani tsibiri da ba kowa. Bayan kwana goma sha biyu manzo ya iso da rigarsa a jiƙe, ya ce ruwa ya kai rijiyoyin jar ƙasa, alamar aljani Zalzamu ya tashi. Majalisa ta kafa dokar cewa ba za a sake taɓa Wurinja ba sai da yardar mutanen farko, Sarki ya buga hatiminsa yana hawaye.

Ukasha ya yi wata huɗu a kwance, kuma bai sake tafiya ba sai da sanda. Yindara ce ta yi jinyarsa da ganyayen ƙasarsu, kuma ita da kanta ta aika wa mahaifinta cewa ta sami mutumin da ya dawo. Aka ɗaura aurensu a bakin kogi, Sarki ne waliyyin ango, makiyaya suka ɗauko shi a kafaɗa suka tsallaka da shi ruwan zuwa gidan amarya, yana roƙonsu su sauke shi, su kuwa suka ƙi. A nan labarin ɗan Labbo ya tuƙe, kamar yadda mutanen Zarandiya suke ba da shi ga jikokinsu.