Motar Kura a Cikin Taɓo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo, kunnenmu na nan!

Wata damina Kura ta sayi mota a wurin Gizo. Ya rantse mata cewa duk tayoyin huɗu suna ja, alhali na baya kaɗai ke aiki.

Ranar kasuwa ta ɗauki awaki, wai za ta rage musu hanya, nufinta kuwa in an ƙetare fadama ta cinye su. Suna shiga fadama mota ta kafe. Tayoyin baya suna ta juyawa suna watsa taɓo, na gaba ko motsi.

Kura ta daka tsawa: "Gizo, Allah ya isa! Ku kuma awaki, ku sauka ku tura, 'yan banza!"

Sai ga Dila a kan ƙaramin babur mai taya huɗu, yana ratsa taɓon hankali kwance.

Kura ta ce, "Kai Dila! Wannan ƙwaron naka ya wuce, tawa ta tsaya?"

Ya ce, "Yaya Kura, nawa in taya ɗaya ta zame, ukun su ja. Taki gaban kallo yake yi."

Awaki suka lura da miyau na dalala a bakinta, suka ɗare bayan Dila, suka tafi.

Kura ta haukace. Ta kafa ƙafafun baya tana tura motar tana zagin Gizo, har ƙugunta ya karye. Shi ya sa har yau gindin kura yake a zube.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare, kowa ya kama gabansa.