Gidajen Da Baba Ya Saya Ya Kulle

Akwai wata budurwa, autar babban gidan unguwarsu, da har yau ba ta manta ranar da ta fara ganin kafintan da ke maƙwabtaka da su ba. Ya zo gyara musu taga, ƙusa a bakinsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, riƙe min tsanin nan. In na faɗo, ke za ki yi jinya."

Ta yi dariya. Tun daga ranar, ƙarar gudumarsa ta bayan katanga ce ke gaya mata gari ya waye.

Mahaifinta kuwa bai yarda da maƙwabci ba. Yana yaro ɓarayi suka hauro ta gidan maƙwabta suka kashe yayansa. Kullum maganarsa ɗaya: "Mu ba kamar kowa ba ne. Haushinmu ake ji."

Sai ya shiga sayen gidajen da suka jingina da nasa. Ba ya rushewa, ba ya sa haya. Kullewa yake yi, don kada kowa ya kwana kusa da katangarsa.

Kafinta ya ƙi sayar da nasu. "Baba, nan aka haife ni. Me muka yi maka?"

"Ba ku yi ba tukuna," in ji tsohon.

Ya toshe musu hanyar ruwa, ya ja katanga ta tare gaban shagon kafintan. Auta na gani, ba ta ce uffan ba. Da ciniki ya mutu, kafinta ya sayar, ya ɗauki mahaifiyarsa za su bar unguwar. Ranar tafiya ya daɗe a ƙofar gidan su Auta yana jiran ta fito. Ba ta fito ba.

Wata rana da azahar Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Auta ta kasa ɗaga shi. Ta yi ihu har muryarta ta dishe. Dama da hagu gidaje ne a kulle. Kafin ta kai titi ta samo mutane, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Yanzu ita ke ba shi abinci a baki. Kafinta kuwa, ta ji labarin ya yi aure.

Ran nan tana goge wa tsohon baki, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, shiruna ya raba ni da wanda nake so. Ba zan guje ka ba. Amma wallahi gidajen nan sai na buɗe su mutane sun shigo, ko da ranka zai ɓaci."

Darasi: Gida ne ko ƙasa, babban da tsoro ya sa shi korar na kusa da shi, kaɗaici ya saya, ba tsaro ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ƙara wa katangarsa tsawo.